Jagorar cin moriyar ɗakin karatu ga ɗalibin jami'a a Damagaram, daga rajista har ajiye memwar

Ɗalibai da yawa ba sa taka ƙofar ɗakin karatu sai jarrabawa ta ƙarato, kuma ko a lokacin abin da suke nema shi ne kujera da fanka da wurin cajin salula, su baje takardun kwas da suka yi fotokofi, su tashi ba tare da sun taɓa littafi ɗaya na kan kanta ba. Wannan ba laifi ba ne, amma asara ce, domin mafi tsadar abin da ɗakin karatu na jami'a yake riƙe da shi ba a ganinsa daga bakin ƙofa: izinin shiga rumbunan mujallun kimiyya, memwar (wato rubutun binciken kammala karatu) na waɗanda suka gabata, horon da ake shiryawa kyauta, da kuma ma'aikacin da ya san inda kowane abu yake. Jami'ar André Salifou ta Zinder, wadda aka kafa a 2010, matashiya ce idan aka kwatanta da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, saboda haka ɗalibinta yana bukatar ya iya haɗa abin da ke kan kanta da abin da ke intanet. Za mu bi matakan da misali ɗaya: ɗalibin mastar da yake son rubuta memwar a kan matsalar ruwan sha a birnin Damagaram.

Rajista da karanta ƙa'ida

A makon farko na shekarar karatu, kafin layi ya yi tsawo, je da katin ɗalibi ko rasit ɗin biyan kuɗin rajista, tare da hoton fasfo, ka tambayi yadda ake buɗe maka suna. A ranar ce za ka karanta ƙa'idar da aka manna a bango tun daga farko har ƙarshe, ka rubuta amsar waɗannan a kaye ɗinka, wato littafin rubutunka: littafi nawa ake ba mutum aro a lokaci guda, na kwana nawa, ko ana sabunta aro, mene ne hukuncin jinkiri, da kuma irin littattafan da ba sa fita. Ƙamus da kundin sani da memwar galibi a ciki ake karanta su. Wanda bai san haka ba sai ya zo da yammacin Juma'a da niyyar tafiya da memwar gida, ya koma hannu rabbana.

Bin labarin ɗakin karatu

Wannan ne matakin da aka fi sakaci da shi. Ɗakin karatu yana da labaransa, kuma hanyarsu ta farko ita ce allon sanarwa da ke bakin ƙofa. Ka mayar da duba shi al'ada sau ɗaya a mako, ka ɗauki hotonsa da salula, domin takardar da aka manna yau ana iya liƙa wata a kanta jibi, ko iskar hunturu ta yi gaba da ita. Abubuwan da ake sanarwa sun haɗa da canjin lokutan buɗewa a watan azumi da lokacin hutu, ranakun rufewa don ƙidayar littattafai, jerin sababbin littattafan da suka iso, da ranakun horo kan binciken takardu. Sanarwar ƙidaya tana da muhimmanci ga mai memwar, saboda a lokacin ana kiran duk littafin da ke hannun masu aro ya dawo, kuma ana iya dakatar da aro har a gama.

Akwai ranaku biyu da ɗakunan karatu a ƙasashe da dama suke shirya wani abu a kansu. Ta farko ita ce 23 ga Afrilu, ranar littafi da haƙƙin mallaka ta duniya, wadda UNESCO ta ware tun 1995. Ta biyu kuma mako ne a ƙarshen Oktoba da ake kira makon buɗaɗɗen ilimi, inda ake wayar da kai kan binciken da kowa zai iya karantawa ba tare da biya ba. Idan waɗannan lokuta sun gabato, tambayi ma'aikata ko an shirya wani abu. Idan ba a shirya ba, wakilin aji yana iya tara sunayen ɗalibai goma ko ashirin ya kai buƙata a rubuce cewa ana son horo na awa biyu kan neman mujallu, domin ma'aikacin da ya ga jerin sunaye yana da hujjar da zai kai wa shugabanninsa. Haka kuma a tambayi littafin da ake rubuta shawarar littattafan da za a saya. Ka rubuta sunan marubuci, sunan littafi, kamfanin ɗab'i, shekara, da lambar ISBN mai alƙaluma 13 da ke bangon baya. Buƙatar da ta zo a cike ta fi saurin shiga jerin saye fiye da wadda aka ce kawai «littafin ilimin ruwa».

Saƙonnin da ke yawo a zaurukan WhatsApp na aji suna da amfani, amma sukan iso da kwanan wata da ya sauya a hanya. Abin da ke kan allo ko bakin ma'aikaci shi ne abin dogaro.

Yadda ake yi wa ma'aikaci tambaya

Ma'aikacin ɗakin karatu ba mai gadin littattafai ba ne, sana'arsa ita ce neman bayani, amma amsarsa tana bin ingancin tambayar da aka yi masa. Ɗalibin da ya ce «Malam, ina son littafi a kan ruwa» za a nuna masa kanta guda a bar shi. Wanda kuwa ya gaisa da kyau sannan ya ce: «Malam, don Allah ina rubuta memwar a kan yadda unguwannin Damagaram suke samun ruwan sha a lokacin bazara, malamina ya ce in fara da yanayin ƙasar, sannan tarihin rijiyoyin Gogo da Machaya da na Aroungouza, na riga na karanta abu biyu, ga su», to wannan ya ba ma'aikaci abin kamawa. Ka zo da jigon a rubuce cikin jimla ɗaya, da kalmomi biyar ko shida da suka ɗauke shi, da sunayen abin da ka riga ka gani. Ka kuma zaɓi lokaci: da hantsi a tsakiyar mako ya fi ranar da ɗaki ya cika da masu shirin jarrabawa.

Karanta lambar da ke ƙashin bayan littafi

Ko katalog ɗin na kwamfuta ne ko na kati ko rajista ce ta hannu, abin da za ka kwafa daga cikinsa shi ne lambar wurin littafi, wadda aka manna a ƙashin bayansa. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Dewey, wanda Melvil Dewey ya fitar a Amurka a 1876, ya raba ilimi gida goma: 000 na ilimin kwamfuta da bayanai na gama-gari, 100 falsafa, 200 addini, 300 ilimin zamantakewa da tattalin arziki da shari'a, 400 harsuna, 500 kimiyya, 600 fasaha da likitanci da noma, 700 zane da kiɗa da wasanni, 800 adabi, 900 tarihi da labarin ƙasa. Musulunci yana 297, likitanci 610, noma 630, tarihin Afirka ta Yamma 966, na Nijar kuma 966.26. Bayan lambar sukan ƙara haruffa uku na farkon sunan marubuci, saboda haka littafin André Salifou kan tarihin Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971 cikin jerin Études nigériennes, za a neme shi a wajen 966.26 SAL. Wasu ɗakunan karatu na ƙasashe masu amfani da Faransanci suna bin wani tsari ɗan uwan wannan da ake kira CDU, wanda a cikinsa aka bar gida na 4 fanko aka haɗa harsuna da adabi a gida na 8, don haka tambayi wanne ake bi kafin ka fara zagaye.

Abu biyu suke ɓatar da sabon shiga. Na farko, alƙaluman da ke bayan ɗigo ana karanta su ɗaya bayan ɗaya ne, ba a dunƙule ba: 551.49 yana zuwa kafin 551.5, domin 4 ya riga 5, ko da yake ido yana ganin 49 ya fi 5 girma. Na biyu, jigo ɗaya yakan warwatsu a kanta da yawa. Mai binciken ruwan Damagaram zai sami ruwan ƙarƙashin ƙasa a 551.49, inda zai fahimci dalilin da ya sa garin da ke zaune a kan dutsen kwaranit ba ya tara ruwa a ƙarƙashinsa kamar ƙasa mai yashi, har aka koma janyo shi daga nesa. Zai sami aikin injiniya na famfo da bututu a 628.1, zai sami tattalin albarkatun ruwa a 333.91, sannan ya koma 966.26 don tarihin garin, har da mayar da babban birnin mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926, wanda ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambatawa a kansa. Idan ka sami littafin da ka zo nema, duba biyar na damansa da biyar na hagunsa, domin maƙwabtansa a kanta maƙwabtansa ne a jigo.

Kafin ka ɗauka, buɗe bayan shafin suna ka ga shekarar bugu. Kantocin jami'o'inmu suna ɗauke da littattafan kyauta da yawa da suka zo daga waje, wasu sun tsufa tun kafin su iso. A tarihi da ilimin harshe da labarin ƙasa, da tsohuwar zuma ake magani. A likitanci da shari'a da ilimin kwamfuta kuwa, tsohon bugu yana iya koya maka maganin da aka daina bayarwa ko dokar da aka soke. Littafin da ka gama dubawa kuma ka ajiye shi inda aka tanada, kada ka cusa shi a kantar da ta fi kusa, saboda littafin da aka sa a wurin da ba nasa ba ya ɓace ke nan har ranar ƙidaya.

Memwar ɗin waɗanda suka gabata

Nemi rajistar memwar da tez (kundin doktora) na sashenka ka karanta sunayensu gaba ɗaya, ko da zai ci maka yini. Da haka za ka san ko an riga an yi jigonka, a wace unguwa, a wace shekara, sai ka matsa zuwa inda ba a taɓa ba: idan an yi Birni da Zango, ga Garin Malam ko Kara-Kara, idan an yi masu famfo a gida, ga masu sayen ruwa a wajen ƴan garuwa. A kowace memwar fara da shafukan ƙarshe, inda aka jera littattafan da aka duba, domin nan ne hanyar take. Amma ka riƙa tuna cewa memwar aikin ɗalibi ne irinka, kuskuren da ke cikinta yana iya zama an kwafo shi daga wadda ta gabace ta. Duk adadi ko kwanan wata da ka gani a ciki, bi shi zuwa tushensa kafin ka ɗauka.

Rumbunan intanet

A nan ne ɗalibin Damagaram yake iya karanta abin da ɗalibin Paris ko Dakar yake karantawa. Fara da tambayar ma'aikaci game da Research4Life, haɗakar shirye-shirye biyar da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallu da littattafan da ake saya da tsada: Hinari na lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, AGORA na noma, ƙarƙashin FAO, Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2003, OARE na muhalli, 2006, ARDI na fasaha da ƙirƙira, 2009, da GOALI na shari'a, 2018. Nijar tana cikin rukunin ƙasashen da cibiyoyinsu suke shiga kyauta, sai dai cibiya ce take rajista, ba mutum ɗaya ba, kuma sunan shiga da kalmar sirri yawanci a hannun shugaban ɗakin karatu suke. Idan an ba ka, kada ka tura su zauren WhatsApp, kada kuma ka yi ƙoƙarin sauke mujalla sukutum, domin irin wannan yana iya jawo a rufe wa jami'a baki ɗaya.

Sauran ba sa bukatar izinin kowa. Persée yana ɗauke da tsofaffin fitowar mujallun Faransanci na ilimin zamantakewa da tarihi. HAL da theses.fr suna da maƙaloli da tez na jami'o'in Faransa, inda ƴan Nijar da yawa suka yi doktora. Rumbun Horizon na IRD, cibiyar bincike ta Faransa da a da ake kira ORSTOM, yana da tsofaffin rahotanninta kan ruwa da ƙasa da damina a Sahel, kuma mai binciken ruwan Damagaram bai kamata ya tsallake shi ba. OpenEdition yana da littattafai da mujallu da yawa a buɗe, Cairn kuwa wani ɓangarensa ne kawai kyauta. AJOL ya tattara mujallun da ake bugawa a Afirka, har da na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, waɗanda yanayin ƙasarsu da al'ummarsu suka yi kusa da namu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ɗalibi ya daure wa karatun Ingilishi. Gallica, na babban ɗakin karatun ƙasar Faransa, yana da taswirori da littattafan zamanin mulkin mallaka.

Wajen nema, kada ka zuba jimla guda. Sa kalmomi biyu ko uku, ka rufe waɗanda dole su zo tare da alamar zance, misali "approvisionnement en eau" tare da Zinder. Sannan ka sauya rubutun sunaye, domin na'ura ba ta san cewa Zinder da Damagaram wuri ɗaya ba ne, ko haoussa da hausa da hawsa al'umma ɗaya ce, ko Tanimoune da Tanimun sarki ɗaya ne. Idan Google Scholar ya nuna maƙala a kulle, danna mahaɗin da ke nuna sauran kwafinta, sau da yawa akwai wadda marubucin ya ajiye a buɗe. Idan babu, rubuta wa marubucin gajeren saƙo na ladabi ka roƙe shi. Masu bincike da yawa suna aikowa.

Ganin yadda wuta take ɗaukewa da yadda kuɗin intanet yake cin aljihu, raba aikin gida biyu: lokacin da layi yake da ƙarfi ka nema ka sauke kawai, karatu kuma ka bar shi sai an koma ɗaki. Kowane fayil ka sauya masa suna nan take zuwa sunan marubuci da shekara da kalma ɗaya ta jigo. Ajiye kwafi a wuri uku, kwamfuta da kile na USB da akwatin imel ɗinka, kuma ka yi hattara da kile da ya zaga shagunan fotokofi, don ta nan ƙwayar cutar kwamfuta take yawan shiga.

Ba duk abin da aka kira mujalla ne mujalla ba. Akwai masu karɓar kuɗi su buga kowane irin rubutu cikin kwanaki kaɗan ba tare da wani masani ya duba ba. Duba ko sunan mujallar yana cikin DOAJ, jerin buɗaɗɗun mujallun da aka tantance, ko cikin AJOL, ko ka tambayi malamin da ke duba aikinka. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT kuma suna iya ƙaga sunan maƙala da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya. Duk abin da ba ka buɗe da idonka ba kada ya shiga memwar; idan an ba ka lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, wadda take farawa da 10 da ɗigo, gwada ta a doi.org ka ga ko tana kaiwa ga maƙalar.

Rubuta tushe tun ranar farko

Ranar da ka buɗe littafi, ranar za ka rubuta marubuci, shekara, suna, gari, kamfanin ɗab'i, da lambar shafin da ka ɗauko magana. Manhajar Zotero kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, tana kuma jera tushe da kanta a salon APA ko wanda sashenka ya zaɓa. Idan an sanar da horo a kanta, ka bar abin da kake yi ka je. A cikin kaye ɗinka ka bambanta abu uku da alama: maganar marubuci kalma da kalma, taƙaitawarka ta maganarsa, da ra'ayinka. Yawancin satar rubutu da ake kamawa a ranar sutanans, wato ranar kare memwar a gaban malamai, daga nan take farawa, lokacin da ɗalibi ya dawo kan kaye bayan wata shida ya kasa tuna wace jimla ce tasa.

Abin da ba ya kan kanta

Wani ilimin Damagaram yana wajen dattawan fada, da malaman zaure masu ajiye da takardun Larabci da ajami, da ma'aikatun jiha masu rahotannin da ba a taɓa bugawa ba. Nemi takardar gabatarwa daga sashenka kafin ka je kowace ma'aikata, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya ko hoto, ka rubuta ranar hira da wurinta. Idan bincike ya kai ka Yamai, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami mai ɗauke da dubban takardu, ga kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Roƙi ma'aikacin ɗakin karatunku ya taimaka maka da jerin abin da za ka nema kafin ka hau mota, domin tafiyar kusan kilomita 900 ba a yin ta don a je a fara tunanin abin da ake so.

Bayan sutanans

Gyara duk abin da alƙalan sutanans suka nuna kafin ka kai kwafin ƙarshe, saboda wanda ka ajiye shi ne ƙannenka za su karanta. Tambayi kwafi nawa ake so a ɗaure, da ko ana karɓar fayil ɗin PDF tare da su. Rubuta taƙaitawa da kalmomin jigo da kulawa, ka sa Zinder da Damagaram duka biyu a ciki don mai nema ya same ka ta kowace hanya. Tambayi kuma yadda ake shigar da aiki a DICAMES, rumbun intanet na CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Wagadugu, wanda ke karɓar memwar da tez daga jami'o'in ƙasashe mambobinta. Daga nan sai ka mayar da duk littafin da ke hannunka, ka tsaya a soke sunanka a rajistar aro a gabanka, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, domin jami'o'i da dama suna neman ta kafin su miƙa wa ɗalibi takardar kammala karatu.